Akwatin Gidan Waya Ya Koma Aljihu: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Naka?

Duk wanda ya tashi a zango a shekarun 1980 zuwa 1990 ba zai manta da akwatin gidan waya ba. A unguwarmu dai akwati ɗaya ne gidaje da yawa suke taruwa a kansa, wato na makarantarmu, mabuɗinsa kuwa yana hannun hedimasta. Ranar Juma'a da safe sai a aiki babban yaro ya ɗebo wasiƙu, a zube su a kan tebur ana kiran suna: wannan daga Legas, wannan daga Abijan, waccan daga Libiya, kowacce da kan sarkinta. Mu yara mu ne masu rabo, mu ne kuma masu karatu. Tsohuwa takan zaunar da kai a tabarma ta ce, "Ɗan nan, karanta mini a hankali, kada ka tsallake ko da gaisuwa ce." A wancan zamani kowa ya san inda wasiƙarsa take sauka, ya kuma san mutumin da ke riƙe da mabuɗi. In ta yi jinkiri, an san ƙofar da za a buga.

To, yau akwatin nan ya bar gidan waya ya shigo aljihu, ana ce masa imel. Wanda zai nemi jami'a ko kwalejin horon malamai, wanda zai cika fom ɗin aiki, wanda zai nemi biza ko tallafin karatu a ƙasar waje, sai an tambaye shi adireshin imel. Amma idan mai karatu ya zagaya Nima ko Sabon Zango a Ankara, ko Aboabo a Kumasi, ya tambayi mutum goma masu babbar waya ko sun san adireshinsu da kalmar sirrinsa, muna tabbatar masa zai sha mamaki. Da yawa za su ce, "Ai yaro ne ya buɗe mini." Akwatin nasu ne, mabuɗin yana hannun wanda ba su ma tuna sunansa ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne abin da ya sami wata tsohuwar ɗalibarmu a shekarar 2023. Yarinya ce mai ƙoƙari, ta ci jarrabawar gama sakandare da sakamako mai kyau, tana son karatun aikin jinya. Mahaifinta, wanda tela ne, ya haɗa kuɗin fom da ƙyar, ta tafi wani shagon kwamfuta aka cika mata. Da aka zo wurin imel ta ce ba ta da shi, sai yaron shagon ya buɗe mata nan take. Ya zaɓi suna da kansa, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, da aka nemi lambar waya kuma ya sa wani layinsa da ya saya a bakin titi. Ta biya ta tafi, ba ta rubuta kome ba. Wata biyu ko uku bayan haka sai ta ji daga bakin ƙawarta cewa an kira mutane ganawa, har an yi an gama.

Mahaifin ya same mu a makaranta, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, sun ce sun aiko takarda. To ni ban ga takarda ba, uwarta ba ta gani ba. Wa ya karɓa?" Muka rasa ta inda za mu fara yi masa bayani cewa takardar tana nan lafiya lau a cikin akwatin 'yarsa, ba wanda ya taɓa ta, sai dai ba mai iya buɗewa. Muka je shagon tare. Yaron ya ce yana buɗe wa mutane da yawa a kowane mako, ba zai iya tuna kalmar kowa ba. Muka ce a aiko da lambobin farfaɗowa ta waya, sai ya ce ai layin nan an rufe shi tun watan Yuni, don ba a yi masa rajista ba. Daga nan muka wuce ofishin kamfanin layin, ma'aikaciyar ta saurare mu da ladabi, sa'an nan ta ce, "Baba, mu layi muke sayarwa, imel ba a hannunmu yake ba." Gaskiya ta faɗa, ko da yake a ranar ba ta yi mana daɗi ba. Yarinya dai ta yi asarar shekara guda.

Maganar ma'aikaciyar nan ita ce abu na farko da ya kamata jama'a su gane. Abubuwa uku ne suke haɗuwa kafin wasiƙa ta iso hannunka, kuma kowanne da mai shi. Akwai wayar kanta, wadda ita ce ƙofar gidanka. Akwai kamfanin layi, wanda shi ne hanya da motar da ke ɗauko kaya. Sa'an nan akwai kamfanin imel, irin su Gmail na Google, da Yahoo, da Outlook na Microsoft, wanda a wurinsa akwatin yake a ajiye, can a manyan na'urorinsa. Don haka in wayarka ta faɗa ruwa, wasiƙunka ba su jiƙe ba. In ka bar wannan layi ka koma wancan, adireshinka bai canja ba. Haka kuma in ka manta kalmar sirri, ko ka kwana a ofishin kamfanin layi ba su da abin da za su yi maka.

Ruɗanin yana da asali. Shi imel tsohon abu ne, ya girmi yawancinmu, domin tun 1971 wani injiniya a Amurka mai suna Ray Tomlinson ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan @ da ke raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. Wayar hannu ta shigo Gana a 1992 da kamfanin Mobitel, intanet kuma ta iso sosai a 1995 ta hannun Dokta Nii Quaynor da kamfaninsa a Ankara. Shekaru da dama hanyoyin biyu ba su haɗu ba: waya don magana, imel kuwa sai ka je shago ka biya kuɗin awa. Da suka fara haɗuwa, a zamanin wayar BlackBerry, kamfanin layi ne kake biya ya haɗa maka imel ɗinka da wayar, shi ya sa manyanmu da suka ga lokacin har yanzu suke ɗauka imel kayan kamfanin layi ne. Wannan tsari ya shuɗe, tsofaffin wayoyin BlackBerry ma an yanke musu hidima a watan Janairu na 2022. Su kansu kamfanonin sun yi ta canja riga. Spacefon na 1996 ya zama Areeba, ya zama MTN a 2007. Onetouch ya zama Vodafone, ya zama Telecel a 2024. Mobitel ya zama Tigo, ya haɗu da Airtel a 2017, ya koma AT a 2023. Duk wannan canje-canje, wanda ya buɗe Yahoo ɗinsa a shekarar 2000 kuma bai yar da shi ba, adireshinsa yana nan yadda yake.

Amma kada mai karatu ya ɗauka layi ba shi da muhimmanci. A ganinmu ma shi ne ginshiƙin al'amarin, domin ranar da ka manta kalmar sirri, ko ka sayi sabuwar waya, kamfanin imel ba ya ganin fuskarka, ba ya jin rantsuwarka. Abin da zai yi shi ne ya aika lambobi shida ta saƙon tes zuwa layin da aka ba shi tun farko. Wanda ke riƙe da wannan layi, shi ne mai akwati.

A nan ne mu mutanen zango muke da tamu matsala ta daban. Daga 1 ga Oktoba 2021 gwamnati ta ce kowa ya sake yi wa layinsa rajista da Ghana Card, aka yi ta ɗaga wa'adi, har zuwa ƙarshen Mayu 2023, daga nan aka rufe miliyoyin layukan da ba a yi musu ba. Samun katin kuwa bai zo wa kowa da sauƙi ba. Ana neman takardar haihuwa ko fasfo, in babu sai a kawo wanda zai tsaya maka da rantsuwa, alhali iyayenmu da yawa an haife su a gida ne, ba wanda ya rubuta. Wasu kuma da zarar an ji sunansu sai tambayoyi su ƙaru, ko da kakanninsu a Salaga ko Kumasi aka binne su. Saboda haka mutane da dama suka bi gajeriyar hanya: uwa ta sa ɗanta ya yi mata rajista da katinsa, mata ta sa miji, ɗan haya ya sa maigida, tunda doka ta yarda mutum ɗaya ya riƙe layi har goma. A lokacin ba laifi, waya ta ci gaba da aiki. Amma ranar da sim ya ɓata ko aka sace wayar, kamfani ba zai sake ba da lambar ba sai ga wanda sunansa ke kan rajista, da katinsa a hannu. In ɗan nan ya tafi Libiya ko Jamus fa? In auren ya mutu fa? Layi ya tafi, kuɗin da ke cikinsa sun maƙale, imel ma ya bi su.

Don haka kafin a taɓa maganar imel, a fara gyara layi. Wanda yanzu ya sami katinsa, ya ɗauki wanda ya yi masa rajista su je ofishin kamfani a mai da layin sunansa. Tafiya ce ta yini ɗaya, wani lokaci da dogon layi a rana, amma ta fi tafiyar da muka yi da telan nan. Kuma a riƙa amfani da layin, ko da kira ɗaya ne lokaci-lokaci, domin layin da aka jefa a akwati watanni ba a taɓa ba, kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani. Shi sabon mai lambar kuwa, saƙonnin da aka aiko maka a hannunsa za su sauka.

In layi ya daidaita, sai maganar data. Kuɗin kira daban, data daban, kuma wanda ya buɗe intanet da kuɗin kira ba tare da ya sayi ƙunshin data ba, zai ga kuɗinsa sun narke kamar kitse a wuta. Kowane kamfani yana da lambar da ake latsawa a saya. Ta MTN ita ce *138#. Bayan an saya sai a kunna data a wayar, a duba saman allo ko alamar 4G, ko 3G, ko harafin H ta fito. Yawancin wayoyi da kansu suke ɗaukar saitin kamfani da zarar an sa sim. Inda ake samun cikas shi ne wayar da ɗan'uwa ya aiko daga waje, ko wadda aka saya ta hannu: ga data an saya, ga sabis cike, amma ba abin da ke buɗewa. Sau da yawa laifin na wani ɗan wuri ne a cikin saiti da ake rubutawa da haruffa uku, APN, wato sunan ƙofar da waya ke bi ta shiga intanet na kamfanin. In wayar tana ɗauke da sunan ƙofar wani kamfani na Ingila ko Italiya, ba za ta shiga ta nan ba. A kira lamba 100, wadda ita ce ta masu kula da jama'a a layukan ƙasar nan, a ce a turo saitin intanet, in ya zo a amince da shi, a kashe waya a kunna. Wata wayar kuma a kulle take da kamfanin ƙasar da ta fito, ita sai mai gyara. Ƙaramin abu ɗaya da ya taɓa cinye mana rabin yini: kwanan wata da agogon waya. In sun karkace, imel yakan ƙi buɗewa, kana ta zargin sabis a banza.

Yanzu sai buɗe akwatin kansa. Za mu yi misali da Gmail, ba don talla ba, sai don wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'armu, irin su Tecno da Itel da Infinix da Samsung, da shi suke tafiya. Kafin ka buɗe sabo, duba ko kana da shi ba ka sani ba. Irin waɗannan wayoyi ba sa barin a sauke manhaja daga Play Store sai da asusun Google, don haka mai shagon da ya sa maka WhatsApp ranar da ka sayi waya, mai yiwuwa ya buɗe wani, ko kuma ya sa nasa. Buɗe Gmail, taɓa ɗan da'irar da ke sama ta hannun dama, adireshin zai fito. In ka san kalmar sirrinsa kuma lambarka ce a ciki, to madalla. In ba haka ba, shawararmu ita ce ka buɗe naka da hannunka, ko da wani yana gefe yana nuna maka. Ya nuna, kai ka latsa.

A wurin saiti, mai hoton ƙaramar ƙafa mai haƙora, akwai sashen asusu, a nan ake ƙara sabo. Za a tambayi suna da ranar haihuwa. A nan mu malaman makaranta muke da ƙorafi na musamman. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri: Muhammad ne ko Mohammed ko Mahamadu, Abubakar ne ko Abubakari ko Bukari, A'ishatu ce ko Ayishetu. Yaro ɗaya sai ka ga takardar haihuwarsa da rubutu ɗaya, ta jarrabawa da wani, katinsa da na uku. Wanda zai yi hulɗa da makarantu da ofisoshi ya rubuta sunansa daidai yadda yake a takardar jarrabawarsa ko katinsa. Ranar haihuwa ma a sa ta gaskiya. Mun ga wanda don gaggawa ya sa shekarar da ake ciki, na'ura ta ɗauke shi jariri ta ƙi buɗe masa, domin ƙa'idarsu sai mai shekara 13 zuwa sama ne zai riƙe asusu da kansa.

Sa'an nan adireshin. Ba ya ɗaukar ƙ, ɗ, ɓ, ba ya ɗaukar tazara, sai haruffan Turanci da lambobi da ɗigo, kuma kada ya gaza harafi shida. Sunan da kake so mai yiwuwa wani ya riga ka, tunda masu sunanka a duniya ba su ƙirguwa, sai ka ƙara sunan mahaifi ko lamba biyu. Ɗigo a tsakiyar suna Gmail ba ya lissafa shi, da shi da babu duk akwati ɗaya ne. Muna roƙon samarinmu su bar laƙabin filin ƙwallo da na majalisa a inda suka same su. Adireshin nan shi ne abin da magatakardan jami'a zai fara gani kafin ya ga sakamakonka, kuma wata rana za ka karanta shi da baki a gaban manya. Zaɓi wanda za ka iya faɗa wa mutum ta waya ya rubuta ba kuskure, domin harafi ɗaya in ya sauya, wasiƙarka ta tafi gidan wani a Indiya.

Kalmar sirri kada ta gaza harafi takwas, amma doguwa ta fi. Kada ta zama lambar wayarka, ko shekarar haihuwarka, ko sunan ɗanka, kada kuma ta haɗu da lambobin sirrin kuɗinka na waya. A nan harshenmu yana da amfani: ɗauki kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da dangantaka da juna, abin da kai kaɗai za ka tuna, ka haɗe su, ka sa lamba a tsakani. Kada ka ɗauki sanannen karin magana. Wasu masana suna hana rubuta kalmar sirri a takarda. Mu dai abin da muka gani a zango ya sa ba mu bi su ba a nan. Ɓarawon da ke neman akwatinka yana can wata ƙasa a gaban kwamfuta, ba zai shigo ɗakin Hajiya ya buɗe adaka ba. Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne mantuwa. A rubuta adireshi da kalmar sirri da ranar da aka buɗe a ƙaramin littafi, a ajiye inda ake ajiye takardun fili da na haihuwa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a rubuta a bayan murfin waya.

Daga nan sai mataki mafi girma, wanda mutane suke tsallakewa don suna sauri: lambar farfaɗowa. Sa layinka, wanda ke da sunanka. In an nemi lambar ƙasa, ta Gana 233 ce, kuma in an sa ta ana cire sifilin farko na lambar. Saƙo zai shigo da lambobi shida, ka kwafe su. Akwai kuma wurin sa wani adireshin imel na biyu, na wanda ka amince da shi, don in layi ya ɓata a sami wata ƙofa. Ga ɗalibin da bai kai samun layin kansa ba, a sa layin uba ko uwa. Ko ƙaramar waya mai maɓallai, wadda a nan ake yi wa laƙabi da doya, ta isa, tunda tes kawai za ta karɓa. Mun ma fi natsuwa da irin wannan, domin tsoho ba ya canja layi kamar riga. Wanda ya kunna tsarin tabbatarwa sau biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da lambobi, zai iya karɓar lambobin ajiya guda goma, kowacce ana amfani da ita sau ɗaya. A kwafe su a littafin nan. Su ne za su cece ka ranar da waya da sim suka tafi tare a cikin cunkoson Kejetia, ko ranar da ka tsallaka Lome ko Wagadugu saƙon tes ya ƙi biyo ka.

Ma'aikata da 'yan jami'a waɗanda aka ba adireshi na ofis ko na makaranta, nasu yana da ɗan ƙarin aiki. Wani lokaci adireshi da kalmar sirri sun isa. Wani lokaci kuma waya za ta tambaya ko IMAP kake so ko POP. Zaɓi na farko, domin shi yana barin wasiƙu a akwati ka gan su daga kowace na'ura, na biyun kuwa yakan kwaso su zuwa waya ɗaya, in ta lalace ka shiga uku. Za a nemi sunan na'urar karɓa da ta aikawa da lambobin ƙofa, galibi 993 ta karɓa, 465 ko 587 ta aikawa. Sunayen kuwa kada a yi kame-kame, a karɓo su daga ofishin da ya ba da adireshin. Ɗalibi ya tuna cewa irin wannan adireshi aro ne, makarantu da yawa suna rufe shi bayan an gama karatu.

Wasu suna gudun imel don tsoron cin data. Rubutu zalla ba ya cin kome, wasiƙa ɗari ba su kai ɗan gajeren bidiyo ɗaya na biki ba. Abin da ke ci shi ne hotuna da takardun da ake liƙawa, su ma ana iya hana su sauka sai an taɓa. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne akwati ya cika. Google yana ba da wuri na kyauta mai girman gigabait 15, amma ba na wasiƙa kaɗai ba ne, hotunan waya in an kunna ajiyarsu can suke tafiya, tun 2024 kuma ajiyar WhatsApp ma a ciki ake lissafa ta. In wurin ya cika, sabuwar wasiƙa ba ta shigowa, mai aikowa take koma wa, kai kuwa kana zaune kana jira. Haka nan tun Disamba 2023 kamfanin ya ba kansa damar goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Sa'an nan akwai ɗakin tarkace da waya ke kira Spam, inda na'ura ke jefa wasiƙun da ba ta yarda da su ba, kuma takan yi kuskure ta jefa ta gaske. Abin da ya shiga nan kwana 30 yake yi ya goge. Duk wanda ya cika fom yana jiran amsa, ya leƙa ɗakin nan aƙalla sau biyu a mako.

Game da 'yan damfara, mutanenmu sun riga sun sha wuya a harkar kuɗin waya, darasin ɗaya ne. Wani zai kira da murya mai daɗi, wani lokaci har da Hausa, ya ce daga kamfani yake, an turo maka lambobi bisa kuskure, ka karanta masa. Lambobin nan shida su ne mabuɗin. Babu ma'aikacin kamfanin layi ko na imel da zai nemi ka karanta masa su. Wata wasiƙa kuma za ta zo da tambarin banki ko na hukuma, ta ce za a rufe asusunka yau in ba ka taɓa nan ka sa kalmar sirri ba. Kada a taɓa. Hukumar tsaron intanet ta ƙasa tana da lamba 292 da ake kai irin wannan ƙara. Kuma in layinka ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta yana aiki, kada ka jira gobe, je ofis ka tabbatar ba wani ne ya sa aka sauya sim ɗinka ba. Wanda zai sayar da waya ko ya ba ƙane, ya fara cire asusunsa kafin a wanke ta. In ba a cire ba, ko dai wasiƙunka su tafi da wayar, ko kuma bayan wankewa ta ƙi buɗewa sai da kalmar sirrin tsohon mai ita, ciniki ya koma rigima.

Ita ɗalibar tamu, a farkon 2024 ta dawo makaranta da mahaifinta da wayarsa 'yar doya. Muka zauna a ofishin malamai bayan an tashi. Ita ta latsa kome da hannunta, muka sa layin uban, wanda da katinsa ya yi masa rajista. Da saƙon ya shigo shi ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da wayar nesa da ido don ya bar tabarau a shago. Ta rubuta adireshi da kalmar sirri a littafi, ya karɓa ya sa a aljihun gaba. Muka aika mata wasiƙar gwaji daga tamu waya, ta shigo, ta ba da amsa. Ya ce, "Malam, shi ke nan? Abin da ya ci mana shekara ke nan?" Muka ce shi ke nan, Baba.

A watan da aka fara kiran ganawa, kullum bayan ya rufe shago sai ya sa ta buɗe masa akwatin, har da ɗakin tarkacen, ta karanta masa abin da ya shigo, ko da tallar takalmi ce. Takardar ta zo wata ranar Talata. Yanzu tana kwalejin, littafin kuma har yau yana wurin uban, a cikin gwangwanin da yake ajiye allurai da rasit ɗin keken ɗinki.